Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Gindin Gawo

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93 da ɗoriya ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe, amma waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a kimanin miliyan 25 ne kacal. Wato cikin kowane mutum huɗu da suka sha rana suka yi rajista, kusan uku sun yi zamansu a gida. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba. Wanda ya yi nasara ya hau kujera da ƙuri'un da ba su kai miliyan 9 ba, a ƙasar da ake ƙiyasta mutanenta sun haura miliyan 200. Masu sharhi sun ɗora laifin a kan ƙarancin takardun kuɗi da canjin Naira ya haddasa a lokacin, da fargabar tashin hankali, da jinkirin isar kayan zaɓe. Duk waɗannan sun taka rawa. Amma wanda ke zama a majalisar unguwa, ko yake tsayawa gaban ɗalibai kamar yadda nake yi, ya san akwai wani dalilin da ya fi su nauyi, shi ne gajiya. Mutane sun daina ganin igiyar da ta haɗa ƙuri'arsu da tukunyar gidansu.

Abin da ya biyo bayan zaɓen bai taimaka ba. A ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Dala da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukuma da kansu suka nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Masana tattalin arziki na iya kare wasu daga cikin waɗannan matakai, kuma ni ma ban taɓa ɗaukar tallafin mai a matsayin abin kirki ba, domin wani kaso mai tsoka daga cikinsa a aljihun 'yan fasa-ƙwauri da masu takardun bogi yake ƙarewa. Abin da ya ƙona wa jama'a rai shi ne abin da suka ga masu mulki suna yi a daidai lokacin da ake ce musu su ɗaure ciki. 'Yan majalisar tarayya sun karɓi manyan motoci sababbi fil. An sayo wa fadar shugaban ƙasa wani jirgin sama. A watan Mayun 2024 majalisa ta sauya taken ƙasa cikin 'yan kwanaki, da saurin da ba a taɓa ganin ta yi a kan maganar yunwa ko ta tsaro ba. Da matasa suka fito zanga-zanga a watan Agusta na wannan shekarar, an rasa rayuka, daga baya kuma duniya ta ga yara ƙanana a gaban kotu a Abuja, wasunsu suna faɗuwa don galabaita.

Sai kuma sauya sheƙa. A 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka tattara komatsansu suka koma jam'iyya mai mulki, wasu suka bi sahu. Mutumin da ka tsaya a layi ka zaɓa don ya yi adawa, ka wayi gari yana rawa a kan dandamalin waɗanda ya ce ka ƙi. Idan kuwa ka ce bari kai ma ka shiga a dama da kai, ka tuna a 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa Naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP. Malamin jami'a da ya shafe wata takwas na wannan shekarar cikin yajin aiki ko kuɗin hoton fosta ba zai iya haɗawa ba. Ƙofar an rufe ta da kuɗi, an kuma ajiye mai gadi.

Ba don in ƙara wa mai karatu ɓacin rai na jero waɗannan ba, ya riga ya san su fiye da ni. Na jero su ne don a fahimci inda mutum yake tsaye sa'ad da ya fara waige-waige yana neman wani wurin da zai ajiye fatansa. Wasu sun ajiye nasu a takardar fita waje. Wasu sun ajiye a caca ta wayar hannu. Ni nawa ya tafi wani wuri da ba shi da nisa da mu, tsallaken iyaka kaɗan, a gonakin 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi da Damagaram.

Labarin ya cancanci a ba shi lokaci, domin ba kasafai ake jin sa a wannan ɓangaren na iyaka ba. Bayan farin shekarun 1970 da na farkon 1980, ƙasar kudancin Nijar ta zama fili fetal. Iskar farkon damina takan binne shukar gero da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Mata kan yi tafiyar sa'o'i neman itacen girki, idan ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Ƙungiyoyin agaji sun kashe maƙudan kuɗi wajen renon irin itatuwa a leda da dasa su, mafi yawa kuma suka mutu, wasu fari ya kashe, wasu awaki suka cinye, wasu gara. Cikin masu wannan wahala akwai wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin wata ƙungiyar mishan a Maraɗi. A 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sosai sai ya gane toho ne daga kututturen itaciyar da aka sare shekaru da suka wuce. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfin da ba dashen da zai kai cikin shekara biyar. Irin waɗannan kututturai na kalgo da sabara da gawo da magarya miliyoyi ne a gonaki, kowace shekara suna toho, kowace shekara kuma manomi yana sare su ya ƙone lokacin sassabe, domin an koya masa cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal.

Dabarar da ta biyo baya ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko ƙaramin gatari. Manomi ya zaɓi kututture, cikin rassa goma ko ashirin da suka toho ya bar uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, ya kare su daga dabba da wuta da ɓarawon ice. Da yake saiwa ta riga ta kafu, cikin shekara biyu ko uku reshen ya fi mutum tsawo. Mutanen Maraɗi suka raɗa wa abin suna sassabin zamani, ko da yake kakanninmu sun san makamancinsa tun kafin zuwan Turawa. Da fari an yi wa waɗanda suka fara dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka karɓa don hatsin, da yunwa ta wuce kuma da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka zama hujja. Maƙwabta suka ga iska ba ta binne musu shuka, suka ga matansu na tsintar ice a bakin gona, suka ga akuyarsu na da abin ci a bazara. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki, daga kasuwa zuwa kasuwa, ba kwangila, ba bikin ƙaddamarwa.

Shekara ashirin sai da ta wuce kafin duniya ta lura. A tsakiyar shekarun 2000 wasu masu bincike, cikinsu har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, suka gwada tsofaffin hotunan sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Ƙiyasin da suka fitar shi ne kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya mamaye gonaki. Abin da ya fi taɓa ni cikin binciken shi ne, a wasu wuraren kan iyaka hotunan sun nuna ɓangaren Nijar ya fi namu duhun itatuwa, alhali mu ne muka fi su ruwan sama, muka fi su kuɗin mai, muka fi su yawan masu digiri a fannin gandun daji.

Wanda bai tashi a karkara ba zai iya tambaya, me ya sa gawo? Ita ce itaciyar da ke yin akasin sauran. Da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ta zubar da ganyenta ta tsaya tsirara. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ta yi kore ta ba dabba inuwa da 'ya'ya masu gina jiki. Ganyen da ta zubar da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinta su ne takin, ga shi kuma saiwarta na daga cikin masu ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo daban yake. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sanya hukunci mai tsanani a kan sare ta. Sun san abin da suke karewa.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga maganarmu ita ce, in har dabarar tana da sauƙi haka, me ya hana manoma yin ta tun da can? Amsar tana cikin doka. Tun dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda gwamnatocin bayan 'yanci suka gada, itatuwa masu daraja mallakar hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ka sare reshe, malamin daji ya ci ka tara. To wane mai hankali ne zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 tattalin arzikin Nijar ya durƙushe, farashin yuraniyom ya faɗi, siyasa ta rikice, malaman daji suka rage shiga ƙauyuka. Manomi ya fara jin cewa icen gonarsa nasa ne. Daga baya dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka matso kusa da abin da mutane suka riga suka zartar da hannunsu. Babban alherin da hukuma ta yi a wannan labari shi ne ta ɗage ƙafarta daga wuyan manomi, sannan ta rubuta hakan a takarda.

A gwada wannan da aikin da gwamnatoci suka ɗauka da kansu. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kusan 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma sukutum a 2015. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna abin da aka farfaɗo a ainihin yankin shirin kimanin hekta miliyan 4 ne. Ƙasashe goma sha ɗaya ke nan, da ministocinsu da tarukansu a manyan otal-otal, ba su kamo abin da talakawan jihohi biyu ko uku na Nijar suka yi da wuƙa ba. Mu ma nan gida mun saba da bikin dashen itatuwa na shekara-shekara: mai girma ya zo da jiniya, a shimfiɗa masa darduma kada takalminsa ya ɓaci, ya riƙe shebur a ɗauki hoto. A koma wurin bayan wata uku a ƙirga abin da ya rayu. Dazuzzukan da aka keɓe da sunan hukuma kuwa, irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sambisa, yau ba wanda ke ambaton su don itatuwansu. Abin da aka ce na kowa ne, aka hana na kusa da shi iko a kansa, ya zama na mai bindiga.

Kada a ɗauka sai an tsallaka iyaka ake samun irin wannan hikima. Bature Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano shekaru masu yawa, ya yi suna ne da nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Masana na lokacin suna cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. Shi kuwa ya tarar da gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba, itatuwan kuka da ɗorawa da tsamiya kuma suna nan tsaye ana renon su kamar dabbobin gida. Sirrin yana bayan jaki: ya shigo birni da ice ko hatsi, ya koma da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Sharar birni ita ce takin ƙauye. Yau leda ta shiga tsakani. Juji ya cika da ledar ruwa da robar lemo, manomin da ya kwasa sai ya yi wuni yana tsince, abin da ya rage kuma ya toshe magudanan ruwa, ko akuya ta haɗiye ta mutu. Ruwanda ta haramta jakar leda tun 2008, ba a kuma ji kasuwanninta sun tashi ba. Mu da muka gaji kwando da faifai da ƙwarya da jakar kaba, mun zama masu karɓar leda uku a cefanen Naira dubu.

Akwai kuma marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, sai ya tafi da zafin, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Yalon da ke lalacewa a kwana uku ya kai kusan mako huɗu. Wannan ya sa kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a farkon shekarun 2000. Na sha tambayar ɗalibai ko sun taɓa jin sunansa, da wuya a samu hannu biyu a sama, amma kowa ya san sunan mai magana da yawun kowane ɗan takara. A watan Oktoban 2024, da lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da wata matsalar a wani layin suka jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, ƙanƙara ta zama kayan gabas, masu firji suka yi ta zubar da kaya, randar tsakar gida kuwa ba ta san an yi ba.

A nawa gidan abin da nake yi bai taka kara ya karya ba. Bayan ɗakin girki akwai fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Sandunan zogale na kafa a jikin katanga, ga lemon tsami guda, ga tsofaffin buhunan shinkafa da na cika da ƙasa da taki, ina zuba alayyafo da yakuwa da tattasai. Ruwan alwala da na wankin shinkafa nan yake zuwa maimakon kwata. Kaji 'yan ƙalilan suna cin ragowar tuwo suna biya da ƙwai da taki. A kan rufi akwai farantan sola biyu da na saya da kuɗin adashi, suna riƙe fitila da fanka da kwamfutar da nake duba ayyukan ɗalibai, ba sa jan dutsen guga, ba sa jan firji. Idan aka yi lissafi da biro, abin da nake ragewa a cefane ba zai biya kuɗin makarantar yaro ɗaya ba. Ribar tana wani wuri. Shekara ashirin da wani abu ina jefa ƙuri'a, ina rubuta sharhi, ina zama a tarukan ƙara wa juna sani, ban taɓa iya nuna wani abu da yatsa in ce ga sakamakon ba. Sandar zogale kuwa ka kafa ta, ka ba ta ruwa, bayan mako biyu ta yi toho, bayan wata huɗu a yi kwaɗo da ita. Mutumin da aka daɗe ana yi wa alƙawari yana buƙatar ya riƙa ganin wani abu da ke cika alƙawarinsa, ko da ice ne. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san abin da wani mai karatu ke faɗa a ransa yanzu: Dakta ya ƙoshi, yana yi wa talauci kirari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a amsa ta. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya zaɓi sauƙin rayuwa da wanda aka jefa cikin rashi. Matar da ta bar gas ta koma gawayi saboda tsada ba tsimin muhalli take yi ba, hayaƙi take shaƙa, kuma kowane buhun gawayin da ke shigowa birni a bayan tirela wani marke ne ko kaɗanya da aka kayar a wani daji. Talauci na cin itatuwa fiye da yadda wadata ke ci. Manomin Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, ba shi da halin zaɓen reshen da zai bari. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ba ya renon ice, domin mai gona zai ɗauka yana shirin ƙwace masa ita ne, ga mata kuma da yawansu ba su da gonar kansu. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta shanye rabin Maiduguri, ba lambun bayan gida da zai tare ruwan. Gyaran madatsa, da tsaron hanya, da asibiti, da makarantar firamare, aikin hukuma ne, ba kuma wanda zai yafe mata su don ya shuka zogale.

Saboda haka ban ce a yi wa siyasa saki uku ba. Fushi da kaza huce a kan dami ne mutum ya yaga katin zaɓensa, domin waɗanda ke sayen ƙuri'a sun fi kowa murna idan masu tunani suka zauna a gida, farashi ya sauka ke nan. Abin da nake cewa shi ne mu sake duba inda muke zuba ƙarfinmu. Mun mayar da Abuja alƙibla. Matashi zai kwana a Facebook yana zagin ɗan'uwansa a kan mutanen da ke cin abinci a faranti ɗaya idan dare ya yi, amma bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, bai san wanda ya sayar da kududdufin unguwarsu aka cike aka yi shaguna ba, sai ruwa ya shigo ɗakin mahaifiyarsa a watan Agusta.

Kuma sauƙin rayuwa da kansa makami ne a siyasa. Malam Aminu Kano, tun daga NEPU har PRP, ya gagari masu kuɗi ne domin buƙatunsa kaɗan ne. Wanda ya je gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ya zama cibiyar nazari ta Mambayya, ya ga ɗakin da ya zauna har rasuwarsa a 1983, zai gane dalilin da ya sa ba a samu farashinsa ba. Mu 'yan boko mun ɗora wa kanmu rayuwar da albashinmu ba ya ɗauka: mota mai shan mai, janareto, bikin kwana biyar, gidan siminti da kwano da ba ya kwantuwa a watan Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki, alhali soron ƙasa na kakanninmu da kansa yake sanyi. Mai irin wannan nauyi a ka, ranar da aka kira shi ya zama jami'in tattara sakamako ko mai ba da shawara na musamman, da wuya ya iya cewa a'a ga abin da aka sa a gabansa. Haka ma a ƙasa. Magidancin da ke da hatsi a rumbu, da akuya biyu, da icen da zai sare reshe ya sayar idan yaro ya kwanta ciwo, ba shi da sauƙin saye da taliya da sabulu ranar zaɓe kamar wanda ya kwana da yunwa. Masu bincike a Nijar sun lura cewa a shekarun da damina ta gaza, ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi jurewa, domin akwai ice da ganye da 'ya'yan itace na sayarwa kafin a kai ga sayar da gona ko tafiya ci-rani.

Akwai kuma siyasar da ta yi daidai da tsawon hannunmu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, gwamnoni ba su saki ba, amma hukuncin ya ba mu hujjar tsayawa a ƙofar sakatariya mu yi tambaya. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya da jirgin sama, ana ganin sa a ɗaurin aure da jana'iza. Ana iya tambayar sa ina burtalin da ya ratsa gundumar nan ya shiga, wa ya ba da izinin noma shi, tunda toshe shi ne ke tura shanu cikin gonaki a fara zubar da jini. Ana iya tambayar sa wa ke sa hannu a takardar motocin gawayi. Ana iya zuwa wurin ɗan majalisar jiha da buƙata guda ɗaya rak, wadda ba ta cin kasafin kuɗi: a rubuta a dokar jiha, da Hausar da kowa zai gane, a kuma karanta a rediyo, cewa icen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, shi zai sassabe, shi zai sayar, kuma wanda ya sare masa da dare ɓarawo ne kamar ɓarawon akuya. Dagatai da masu unguwanni su ne za su riƙe wannan, kamar yadda kwamitocin ƙauye suka riƙe a Maraɗi.

Mu ma a jami'o'i muna da namu kason. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai tafiyar rabin yini ba, harshe ɗaya, gero ɗaya, yashi ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a tura mutum ɗaya taron sauyin yanayi a Turai zai cika bas da ɗaliban aikin gona da manoma daga Jibiya ko Maigatari ko Illela, a kai su su tsaya a gonar da ta yi shekara talatin ana renon kututturanta, su yi wa mai gonar tambaya da bakinsu. Lokacin da ya dace a yi tafiyar shi ne Maris zuwa Afrilu, kafin a fara sharar gona, domin wanda ya dawo ya tarar da nasa tohon bai riga ya shiga wuta ba.